Yadda Silimar Kumasi Ta Sa Na Rasa Shuka

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai.

Daga hannun mahaifinka a Filinge, zuwa ga Babana. Gaisuwa mai yawa da sa albarka. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, Ya tsare ka daga sharrin mota da na gulbi da na mugun aboki, Ya sauke ka a hannun mutanen kirki. Amin.

Bayan haka, innarka na ba takardar nan, na ce ta cusa ta can gindin jakar guzurinka, don na san cinka, kafin ku wuce Yamai ka kai gare ta. Kada tsawonta ya ba ka tsoro, lafiya lau. Kai ne ɗan farina, kuma sunan tsohona gare ka, saboda haka tun ran da aka raɗa maka suna bakina bai taɓa kiransa ba, ban kuma taɓa zaunar da kai mun yi doguwar hira ba. Kunya ce irin tamu, ba ƙi ba ne. Takarda kuwa ba ta ɗago ido ta kalli mutum, shi ya sa zan iya faɗa mata abin da na kasa faɗa maka.

Abu ɗaya nake nema a wurinka. Ka je Kurmi, can ƙasar Kumasi, ka ci raninka kamar sauran samarin ƙasarmu ta Kurfai, amma ruwan fari ya same ka a gida. Ƙannenka duk mata ne, bayana ya fara ƙi, gonar tudu kuwa ba ta shukuwa sai da namiji a gaba riƙe da sungumi. Na faɗa maka haka shekaranjiya muna gyaran rumbu, ka ce, "To, Baba," idonka yana wani wuri. Na san irin wannan amsa sarai, don ni ma na taɓa ba tsohona irinta.

Bari in fara da laifin da na yi maka. Ka tuna bara waccan, da motar kumandan mai mulkin ƙasa ta zo ta haska silima a bangon lakkwal, makarantar boko, na kutsa cikin taro na janyo ka a gaban tsaranka, alhali har gemu ya fara fito maka. Ban gaya maka dalili ba, kai ma ba ka tambaya ba, sai dai ka yi mako guda kana gaishe ni da gefen baki. Na yi kuskure, ka yafe mini. Ka zaci ko don ban san abin ba ne nake tsoronsa. To ka sani, duk Kurfai, daga nan har Abala, da wuya ka sami wanda ya kalli silima kamar ubanka. Kumasi za ka, can kuma gidajenta suke, na san ba za ka wuce ƙofarsu ido rufe ba. Gara ka ji daga bakina.

Lokacin da na je, ina kamar shekarunka. Ba kamyo, babbar motar nan, daga nan kamar yanzu, ƙafa muka sa har muka ƙetare gulbi, sai can gaba muka sami mota. A zango na sauka ɗaki ɗaya da wani Bazabarme daga wajen Bonkuku, sunansa Sumana. Ya girme ni sosai, ido ɗaya gare shi, agana kuma ta ɓata masa fuska. Shi ya nuna mini dako a babbar kasuwa, shi kuma ya fara kai ni silima, abin da ya yi ta nadamarsa daga baya.

Ran farko na sha kunya. An nuno wani mutum bisa farin doki yana tafiya cikin duwatsu, ga wani ya laɓe a bayansa da kulki. Ina ganinsa, kowa yana ganinsa, mai dokin ne kaɗai bai sani ba. Ban san sanda na miƙe tsaye ba, ina ihu, "Kai mai doki! Waiwaya! Ga shi nan bayanka!" Da na ga bai ji ba, na cire takalmina na jefi mai kulkin. Gidan ya ɗauke da dariya. Sumana ya ja rigata ya ce, "Zamna, ɗan Kurfai, ba shi jin ka. Abin ga an gama shi tun da daɗewa, naɗe shi ke cikin gwangwani. Jiya hakanan anka buge shi, gobe ma hakanan za a buge shi." Da ƙafa ɗaya a takalmi na koma zango.

Amma maganar ta zauna mini. Ga mutum yana tafe yana taƙama, ga abin da zai same shi taku uku a bayansa, mu muna gani, shi ba ya gani. Na ce a raina ashe haka nake a wurin Ubangijina. Tun daga lokacin ban fita da safe ban nemi tsarin Allah daga abin da ke bayana ba, kai ma kada ka bari. Sai dai akwai bambanci tsakaninka da mai farin dokin. Shi hoto ne, ko an kira shi ba zai juyo ba. Kai kana da kunne, in wani babba a zango ya ce maka waiwaya, ka waiwaya.

Wauta ta biyu ta fi ta farko muni. Da idona ya saba, na lura a silima mugu a fuska ake gane shi: ko tabo, ko ido ɗaya, ko baƙar malafa. Mutumin kirki kuwa fes yake, haƙoransa farare. Wallahi, Babana, wata rana na dubi Sumana yana cin abinci, sai na ga ai duk alamun sun cika a kansa. Na janye tabarmata daga kusa da tasa, na fara kwana da jakata a ƙarƙashin kai. Mutumin da ya raba tuwonsa da ni!  Ba a yi wata guda ba zazzaɓin Kurmi ya kayar da ni, abokan silimata masu fararen haƙora ko leƙe ba su yi ba. Sumana ne ya bar dako kwana shida yana dama mini kunu, yana goya ni zuwa bayan gida. Da na fara jin sauƙi ya ce, "In maido tabarmakka, ko har yanzu tsoron idona kake?" Na rufe fuska na yi kuka. In za ka zaɓi aboki a can, ka bar fuskarsa, ka dubi yadda yake yi da wanda ba shi da abin ba shi.

Ban yi hankali duka ba dai. Na sayi malafa mai faɗi irin ta kaboyi, mai dokin nan na silima, na ɗaura jan ƙyalle a wuya, na koyi tafiya ƙafafu a buɗe. Ka yi tunanin ɗan dako da irin wannan shiga: in an kira ni ɗaukar kaya sai in cire malafar in rataya a wuya, in aza gammo, in an sauke in mayar da ita. Innarka ba ta san wannan ba, kada ka kuskura ka gaya mata. Abin da ya fi malafar illa shi ne magariba. Lokacinta ake layi a ƙofar silima, na fara cewa in na fito na rama, daga baya ramuwar ma ta gagara.

Sumana bai yi mini wa'azi ba, ta wajen doki ya ɓullo mini, don ya san ɗan Kurfai ba a yi masa ƙarya kan doki. Ya ce, "Kai da kun san doki a gidanku, hwaɗa mini, mutumin ga naka yaushe shi ka ba dokinai ruwa? Tun da sahe shi ke sukuwa har marece, ka taɓa ganin ya yanko mai ciyawa? Ka taɓa ganin shi kanshi ya kama ruwa?" Gaskiya ne kuwa, dokin da aka yi wa haka kwana biyu ba zai kai na uku ba. Sai na gane masu yin silima yanke waɗannan wurare suke yi, su bar sukuwa da faɗa. Rayuwar mutum kuwa yawancinta a wuraren da suka yanke take: ban ruwa, alwala, noma, zama kusa da mara lafiya. Ka kalla ka ji daɗi, amma kada ka fito ka raina ranakunka don ba kiɗa a bayansu. Sallarka kuma ka yi ta kafin ka shiga layi, ko da za ka rasa wurin zama.

Kada ka ce ban samo alheri a ciki ba, na samo. Akwai wata da ba na mantawa. Mugun ya ƙone gidan mutumin kirkin, ya kore masa dabbobi, a ƙarshe suka yi kokawa a bisa dutse, mugun ya zame, ya rage yana lilo da hannu ɗaya a bakin rami. Gidan duka ya ɗauka, kowa da harshensa, a sake shi ya faɗa. Muryata ta fi ta kowa. Mutumin ya tsaya yana dubansa, ya daɗe, sannan ya durƙusa ya miƙa masa hannu ya jawo shi.  Na ji kunya ta rufe ni, ga wanda aka cuta ya yafe, ni da ba a taɓa ni ba ina neman jini. Malamai sun sha gaya mana falalar yafiya ga wanda ya sami iko, amma sai ran nan na gan ta da idona.

Ka san Buba, Bafillacen da yake sauke shanunsa a gonarmu kowane rani suna yi mana taki. Ba ka san yadda muka fara ba. Kana goye, shanunsa suka shiga hatsinmu ana saura kwana kaɗan girbi, maƙwabta suka kama shi suka ɗaure, suna jira in ce a kai shi wurin gardi, dogarin kumandan. Na zo da sanda a hannu, raina a ɓace. Da na gan shi zaune a ƙasa yana dubana, sai mutumin nan mai lilo a bakin rami ya faɗo mini a rai. Na ce a kwance shi. Mutane suka ce na cika sanyi, ban gaya wa kowa daga inda abin ya zo mini ba.

Yanzu na zo kan abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Akwai wata irin silima da ba a gama ta rana ɗaya. Mako-mako ake nuna ta, kowane mako kuma sai an kai inda ran mutum zai tsinke, sannan a yanke. Yau an ɗaure jarumin cikin ɗaki an sa wuta, a ce sai mako mai zuwa. Ka dawo ka ga ya tsira, kafin a tashi kuma ga shi cikin mota ta nufi rami. Aka fara wata irin wannan a ƙarshen rani, na shiga cikinta tsundum.

Ka san yadda al'adarmu take, ko za ka gani bana. Ruwa yana fara sauka a Kurmi tun nan ana zafi. Da ya kankama a can, mutanen arewa sai su ɗaure kaya, a yi ta tsere da hadari, don a riga shi isowa gida. Ayarinmu ya sa rana. Ana gobe tashi na je silima, aka yanke daidai inda jarumin ya faɗa kogi hannuwansa a ɗaure. Na dawo na ce wa Sumana su yi gaba, mako guda kawai, zan cim musu a hanya.

Ya ajiye igiyar da yake ɗaure kaya, ya ce, "Mi kac ce? Tsohonka na can ya gyara gona shi ɗai, yana duban gabas, kai kana nan kana jiran wani Bature shi hito daga ruwa? Shi ai hitowa za shi yi, ko kana nan ko ba ka nan. Tashi mu tahi." Na ce mako guda dai. Ya dube ni da idon nan nasa guda, ya ɗauki kayansa.

Mako ya zo, jarumin ya fito daga kogi, aka rufe shi cikin rijiya. Na ƙara mako. Haka har sau biyar. Ran da aka gama, ya kama mugun, ya auri yarinyar, aka kunna fitilu, kowa ya kama gabansa. Na fito na tsaya a bakin titi ana yayyafi, sai lissafi ya dawo mini: yanzu shamuwa ta daɗe da sauka a Filinge, ko yau na tashi, hatsi ya tsiro kafin in isa. 

Ka kula da nan, Babana, don kuskuren da ya fi girma ba makon nan biyar ba ne. Da washegari na kama hanya, da abin ya tsaya a faɗan kwana biyu da dariyar ƴan gari. Amma na tuna yadda za a nuna ni a kasuwa, a ce ga wanda ya bar tsohonsa da sungumi saboda wasan Turawa. Kunya ta riƙe mini ƙafa. Na ce bari in zauna sai baɗi.

Da rani ya zagayo Sumana ya dawo. Ya ce ya bi ta gidanmu. Tsohona shi ya yi saran shuka da kansa, inna tana binsa tana zuba iri, rabin gonar tudu bai samu ba. Ya ce kuma tsohon ya ba shi saƙo: "Ka ce mai shi taho gida. Ba ni da hwaɗa." Kalmomin ke nan, ba ƙari.

Ka san abin da ya hana ni? Silima ce dai. Na sha ganin ɗan da ya bar gida ya ɓata, sai ya dawo da arziki, ya tarar da tsohon kwance, ya faɗi a gabansa, tsohon ya ɗora masa hannu a ka, kowa yana hawaye. Ban taɓa ganin wadda ɗan ya makara ba. Sai na ƙudura ni ma haka zan koma, da akwati da keke da babbar riga ta tsoho, yadda ba mai tuna laifina. Na manta cewa a can masu abin ne suke riƙe da numfashin tsohon har ɗan ya iso. Ni ba wanda ya yi mini wannan alkawari. Damina uku na yi ban taka Kurfai ba.

Na dawo da akwatin, da keken, da rigar. Na shigo gari ina buga ƙararrawa, yara suna bina. Tun daga bakin rijiya na ga mata suna kau da kai. Ashe tari ya kama tsohona cikin sanyin shekarar, ya rasu, har an yi sadakar arba'in. Rigar tana nan cikin akwatin innarka, ban taɓa iya sa ta ba.

Kakarka ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Bayan kwana biyu ta kira ni bayan rumbu, ta ɗauko wata ƴar tukunya da aka liƙe bakinta da laka, ta fasa. Irin wake ne cikin toka. Ka san wake ba ya bin ruwan fari, sai hatsi ya tashi ake sa shi a tsakani. Ta ce, "Naka ne. Kowace shekara tsohonka shi ka zaɓe shi da hannunai. In an gama shukar hatsi ba ka zaka ba, sai shi hana a taɓa wake. Shi ce, hatsi ya wuce shi, wake bai wuce shi ba, in ya iso shi sami abin da za shi sa ƙasa, kar shi ji kunyar mutane. Sai kowa ya gama nashi, har ana yi muna dariya, kannan shi bari in shuka."

Ka ji, Babana. Kunyar da na zauna shekara uku ina gudu, ashe tun shekarar farko ya tanadar mini abin rufe ta. Ba akwati yake jira ba.

Saboda haka ga maganata. Ka shiga silima in ranka ya so, ka ɗauki abin kirki ka bar sauran, in ka dawo ka ba ni labari, don ni ma ina marmari. Ran da ayarinku ya ɗaure kaya, ka ɗaure naka, ko an bar jarumin rataye a bakin rami, zai fita ba da taimakonka ba. Wannan shi ne roƙona, kuma ina so ƙwarai ka cika shi.

Amma in Allah Ya ƙaddara ka makara, ko don silima, ko don ciwo, ko don wata wautar da ban san irinta ba, ko kasuwa ta ƙi ka rasa ko turmin zane na innarka, to ka taho a makare. Ka taho hannu wofi, da rana tsaka, ta tsakiyar gari. Kada ka tsaya gyara labarinka kafin ka zo. Na riga na zaɓi irin wake na bana, na liƙe tukunyar da hannuna, ba mai buɗe ta sai kai.

Innarka tana gaishe ka, ta ce ka riƙa rufe ƙirjinka in ana ruwa. Ƙannenka suna gaishe ka. In ka sami wani daga Bonkuku, ka tambayi labarin Sumana, in yana raye ka durƙusa ka gaishe shi kamar yadda za ka gaishe ni.

Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya ba ka halal mai albarka, Ya kiyaye maka sallarka. Na yafe maka abin da ka yi da wanda ba ka yi ba tukuna. Allah Ya maido mini da kai, da wuri ko a makare, Ya sa ka tarar da ni da rai. Amin.

Ni ne mahaifinka.